Zama goma da na yi a wurin masu ba da shawara kan damuwa a Gwarinpa, ga yadda ta kaya

Tun watan jiya nake cewa zan rubuta wannan abun ina fasawa, saboda mu dai an rene mu ne a kan ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, abin da ya dame ka ka haɗiye kayanka. Amma yanzu mutum uku cikin waɗanda muka yi bautar ƙasa tare sun tambaye ni a ɓoye, wai da gaske ne na je ganin masu ba da shawara kan damuwa, kuma abin yana aiki ko asarar kuɗi ne kawai, toh bari in faɗa sau ɗaya kowa ya ji. Sunan wurin ba zan kama ba, a Gwarinpa yake dai, wani gida ne mai bene aka mayar da shi ofis, kuma akwai abubuwan da zan yi ƙorafi a kansu don haka gara in bar sunan.

Ni ɗan Jos ne, a Gangare na tashi, ɗan fari cikin mu bakwai, Baba ya yi ritaya. Karatun da ya kamata in gama a shekara huɗu ya ja ni har shida, korona ta shigo a 2020 ga yajin aiki a kai, a 2022 kuma aka sake zaman gida na wata takwas tun daga Fabrairu har Oktoba. A 2024 na shiga sansanin bautar ƙasa na Kubwa, sati uku, aka tura ni koyarwa wata makaranta. Lokacin alawi 33,000 ne, sai a Maris na 2025 aka fara biyan 77,000, watanni kaɗan na ci a ciki muka gama. Ranar karɓar takarda kowa na ta ɗaukar hoto da kaki ana rungume juna. Washegari na farka ƙarfe shida kamar kullum, na zauna a bakin katifa, babu inda zan je.

A gidan kawuna nake a Dutsen Alhaji, ɗakin baya, kuma wallahi bai taɓa nuna min ya gaji da ni ba, matarsa ma haka. Amma ni na gaji da kaina. Barci ya ƙaurace min, sai uku na dare ina kan waya ina kallon hotunan bikin waɗanda muka yi aji ɗaya da su, wannan ya samu aiki a banki wancan ya tafi Ingila, in na samu barcin ya ɗauke ni kuma sai rana ta fito ban yi Asuba ba, in tashi da haushin kaina. In waya ta yi ƙara na ga lambar gida ce sai in ji ƙirjina ya ƙulle kamar an ɗora min bulo, in bar ta ta yi ta ƙara har ta katse, daga baya in tura saƙo wai ina intabiyu. Babu wani intabiyu. Ranar da na daka wa ɗan kawu tsawa, yaro ɗan shekara biyar da ya shigo kawai ya nuna min zanen da ya yi, na ga yadda ya ja da baya yana kallona, ranar na san akwai matsala.

Wata 'yar'uwa da muka yi bautar ƙasa tare, nas ce, ita ta ba ni lambar wurin. Amsar da na fara ba ta ita ce ni ba mahaukaci ba ne. Kuma ban ga laifin kaina sosai ba a kan wannan tunanin, domin haka muka taso muka gani, in an ce asibitin ƙwaƙwalwa abin da ke zuwa ranka mutum ne a ɗaure da mari. Ƙasar ma kanta dokar da take aiki da ita a wannan fannin tun ta 1958 ce, ta zamanin Turawa, wadda sunanta ma dokar mahaukata, sai a Janairun 2023 Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. In gwamnati ta ɗauki shekara sittin da biyar kafin ta canja suna, ai ba abin mamaki ba ne ɗan Gangare ya ɗauki sati uku kafin ya tura saƙo.

Ta WhatsApp ake kama lokaci, sun amsa cikin awa ɗaya. Kuɗin zama ɗaya 20,000 ne, minti hamsin. Ku yi lissafi da kanku, zama huɗu a wata 80,000 ke nan, alhali mafi ƙarancin albashi 70,000 ne. Na faɗa musu gaskiya cewa yanzu na gama bautar ƙasa ba ni da aiki, suka rage min zuwa 12,000, kuma ban ga sun rubuta wannan rangwamen a ko'ina ba, sai wanda ya buɗe baki ya tambaya. Da ɗan abin da na tara daga alawi da kuɗin lesin da nake yi wa yaran maƙwabta na biya. Ga kuɗin mota kuma, wanda tun da aka cire tallafin mai a 2023 ya zama nasa lissafin daban.

Ranar farko na iso da wuri, na tsaya a ƙofar gidan kusan minti goma ina duba ko akwai wanda ya san ni a layin. Ciki tsaf, kujeru huɗu, na'urar ruwan sha, ba warin asibiti. Aka miƙo min takarda mai tambayoyi tara, duk a kan sati biyun da suka wuce, barcinka, cin abincinka, ko kana jin daɗin abubuwan da ka saba jin daɗinsu, ko kana ganin ka ba wa iyalinka kunya, kowace tambaya ka ba ta maki daga sifili zuwa uku, jimla 27. Ta ƙarshe ita ce ko tunanin gara ma ka mutu yana zuwa maka. Na daɗe biro na kan wannan layin. Na samu 14 gaba ɗaya.

Wadda ta gan ni mace ce, za ta yi shekara arba'in da wani abu, Bahaushiya, Malama nake ce mata. Kafin komai ta yi min bayani biyu da nake ganin duk wanda zai je irin wannan wurin ya kamata ya ji su. Na farko ita ba likitar da ke rubuta magani ba ce, masaniyar halayyar ɗan Adam ce, aikinta magana da koyar da dabaru, in ta ga abin ya fi ƙarfin magana za ta tura ni wurin likitan ƙwaƙwalwa. Na biyu duk abin da na faɗa a ɗakin nan a nan zai tsaya, ko kawuna ya zo da kansa ba za ta gaya masa ba, sai fa in ta ga zan cutar da kaina ko wani. Sannan ta ce me ya kawo ni.

Na fara zuba Turanci, ina jero mata tarihin karatuna kamar ina gaban masu ɗaukar aiki. Ta bar ni na yi kusan minti goma sannan ta ce, “Malam, mu koma Hausa mana. Yaushe rabonka da ɗaga wayar Mama?” Wallahi ban san lokacin da hawaye suka zubo ba. Rabona da kuka a gaban mutum tun rasuwar kakata. Ba ta ce min yi haƙuri ba, ba ta ce namiji ba ya kuka ba, ta matso min da kwalin tishu kawai ta yi shiru har na gama. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na faɗa mata komai, har ƙaryar intabiyun.

Abin da mutane suka fi tambaya ta shi ne wai me ake yi a ciki, hira ce kawai? Akwai hira amma akwai aiki, har da na gida. Tsarin da take bi ana kiransa CBT, wani likita Ba'amurke mai suna Aaron Beck ne ya assasa shi a shekarun 1960, kuma gundarinsa shi ne ba abin da ya faru kaɗai ke jefa mutum cikin ƙunci ba, har da fassarar da zuciyarsa ta yi wa abin nan take ba tare da ya lura ba. Ta sa na sayi ƙaramin littafi, duk lokacin da na ji ƙirjin nan ya ƙulle in rubuta me ya faru, me na faɗa wa kaina, nauyin abin ya kai nawa cikin ɗari, sannan in kawo hujjar da ke goyon bayan wannan tunanin da wadda ke ƙaryata shi.

Bari in ba ku guda ɗaya daga littafin yadda yake. Ƙanwata ta turo saƙo, Yaya an fara sayar da fom ɗin JAMB. Shi ke nan saƙon, ko kuɗi ba ta ambata ba. Abin da na rubuta a layin tunani shi ne, ni ba ni da amfani, Baba ya yi asarar kuɗin makarantata, ƙannena ma sun gane. Nauyi 90. Da na kai wa Malama sai ta ce to mu zauna kamar a gaban alƙali, ina shaidar cewa ƙannenka sun ce ba ka da amfani? Babu. Wa ya koya wa yarinyar lissafi har ta ci jarrabawar gama sakandare? Ni. Wata nawa da gama bautar ƙasarka? Uku. In abokinka ne ya yi wata uku bai samu aiki ba a Abujar nan za ka ce masa ba shi da amfani? Na ce a'a, zan ce masa ai yanzu ya fara. Ta ce to me ya sa hukuncin da kake yanke wa kanka ya fi wanda kake yanke wa kowa tsanani. Ban ce nauyin ya tafi ba, ya sauko kamar 55, kuma kuɗin fom ɗin na nan ba su biya kansu ba, amma a 55 na iya kiran yarinyar na ce mata ta ba ni sati biyu, a 90 kuwa kashe wayar nake yi.

Ɗaya ɓangaren kuma na jiki ne da tsarin yini. Ta ce kar in jira sai na ji ƙarfi kafin in motsa, motsin ne ke jawo ƙarfin. A nan na ji daɗinta sosai, domin ni tsorona kar a ce min in ajiye addini gefe, kawu ma da ya ga na rame cewa ya yi in riƙe azkar. Ita da salla ta gina min jadawalin. Asuba a masallaci ko da ƙarfe uku na yi barci, in na dawo ba komawa katifa, waya tana caji a falo ba a ɗakina ba daga ƙarfe goma na dare. Neman aiki wuri biyu a rana da natsuwa maimakon in watsa takarduna wuri ashirin cikin dare ɗaya in yi sati ban sake ba. Bayan La'asar minti goma sha biyar na zama in yi duk tunanin da zan yi a rubuce, in wani ya taso min da tsakar dare in ce masa sai gobe bayan La'asar. Da farko abin ya yi min kama da wasan yara. Sati na uku na fara barci kafin sha biyu.

Amma ba komai muka daidaita a kai ba, kuma wannan nake so in tsaya a kansa. A zama na huɗu ta fara min maganar sanya iyaka tsakanina da gida, wai in koyi cewa a'a, wai ba dole ne in ɗauki nauyin kowa ba. Raina ya ɓaci sosai. Na ce Malama uwata ce fa, matar da ta sayar da keken ɗinkinta aka biya min rajistar aji uku, ita zan kafa wa iyaka? Wannan maganar littafin Turawa ce. Su can in yaro ya kai sha takwas tunaninsa ya gano ko shi wane ne, ta ma taɓa ba ni labarin wani masani Ba'amurke, Jeffrey Arnett, da ya yi rubutu a 2000 cewa shekarun nan daga sha takwas zuwa ashirin da wani abu wani mataki ne na daban, mutum ya bar yarinta amma bai gama zama babba ba. Na yarda akwai wannan matakin, ina cikinsa tsundum, amma namu ba neman kai ba ne kawai, mutum shida ne a bayanka suna jiran ka tsaya da ƙafarka su dafa. Baba a shekaruna ya yi aure har an haife ni, ni kuma sabulun wanka ma na gidan kawu nake amfani da shi.

Abin da ya sa na ci gaba da zuwa shi ne yadda ta karɓi maganar. Ba ta kare kanta ba. Ta ce na yi gaskiya, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ta janye kalmar. Sai ta tambaye ni, to yanzu da ba ka ɗaga wayarta, ka sauke nauyin ne ko ka ƙara mata wani? Na yi shiru. Muka bar maganar a'a muka koma maganar gaskiya, yadda zan faɗa wa Mama halin da nake ciki ba tare da ƙarya ba. Har gwaji muka yi a ɗakin, ita ta zama Mama ni ina magana, sau uku ina kakarewa.

Daren wata Juma'a na fita bayan gida kusa da tankin ruwa na kira ta. Mama ba ta kiran sunana saboda alkunyar ɗan fari, Babana take ce min. Na ce Mama babu wani intabiyu da nake zuwa, ban samu komai ba, kunya ce ta sa ba na ɗaga waya. Ta yi shiru har na duba ko layin ya katse. Sai ta ce, “Babana, ai na sani. Ni tsorona ko ba ka da lafiya ne kake ɓoye min, kwana nawa ban yi barci ba. Wa ya ce maka kuɗi nake nema in na kira?” Wata uku ina gudun matar nan a kan abin da ba ta taɓa faɗa ba. Mun yi kusan awa ɗaya, ta ba ni labarin unguwa kaf, har da sanyin da aka fara a Jos da tsadar dankali a Farin Gada.

Yanzu ƙorafi, don akwai. Mai karɓar baƙi tana kiran cikakken sunan mutum da ƙarfi a gaban kowa, a irin wannan wurin da mutum ya shigo yana sanɗa bai dace ba ko kaɗan, na yi magana sau ɗaya ta gyara sati biyu ta koma. Sau biyu aka ɗage min zama, ɗaya har na hau mota na kusa isa sannan saƙon ya shigo, kuɗin motar nan a wurina ba ƙarami ba ne kuma haƙuri kawai aka ba ni. Duk takardunsu da Turanci ne, kuma a iya ganina Malama kaɗai ke jin Hausa a wurin, ranar da ba ta nan an ce in ga wani na ce a bari, domin akwai abin da in ba da Hausa ba ba zai fito daga bakina ba. Zama ɗaya mun gwada ta bidiyo don in huta da kuɗin mota, netwok ya yi ta yankewa, ga yaran gida na leƙe, ban ƙaru da komai ba ranar, wanda ba shi da ɗaki nasa shi kaɗai kar ma ya fara. Sai kuɗin, wanda ko da rangwamen ya fi ƙarfin mafi yawan waɗanda suka fi buƙatar abin, kuma wannan yana ci min rai har yanzu.

Wanda aljihunsa bai kai ba kar ya ce shi ke nan. Babban Asibitin Ƙasa da ke nan Abuja yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, asibitin koyarwa na Gwagwalada ma haka, mutanenmu na Jos akwai a JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, ga kuma na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Za ka bi layi amma za a gan ka. Wanda kuma ya kai ga tunanin raba kansa da duniya, ko ya daina cin abinci gaba ɗaya, ko yake jin muryoyi, wannan ba na jiran ranar zama da mai ba da shawara ba ne, asibiti za a kai shi a ranar, don Allah kar a tsaya ana cewa zai wuce. In kuma za ka je mai zaman kansa irin nawa, tambayi abin da mutumin ya karanta da inda ya yi aiki kafin ka biya, domin yanzu kowa a Instagram ya zama mai ba da shawara, tambayi rangwame, tambayi ko akwai mai jin yarenka.

Zama goma na yi cikin wata huɗu, shida na farko duk sati, sauran duk sati biyu. A na ƙarshe ta sake ba ni takardar nan mai tambayoyi tara na samu 6. Aikin da nake mafarki bai zo ba har yanzu, wata makarantar kuɗi a Kubwa nake koyar da lissafi, albashin bai kai alawin da na baro ba, har yau a ɗakin bayan kawu nake kuma akwai daren da ƙirjin ke sake ƙullewa, sai in ɗauko littafin, yanzu ina kan na biyu. Fom ɗin JAMB mun haɗa ni da Baba rabi da rabi an saya. Malama ta ce in dawo bayan wata uku a duba ni sau ɗaya, na riga na ware 12,000 ɗin a ambulan cikin akwatina. Kawu bai san inda nake zuwa duk Talata ba sai satin da ya wuce da na zaunar da shi na gaya masa, ya daɗe yana jan carbi bai ce komai ba, sannan ya ce in tura masa lambar, akwai ɗan abokinsa da ya gama karatu shekara biyu ke nan ba ya fita daga ɗaki.